Jikokin Fatake Ne Mu: Me Ya Sa Hawan Dutse Ya Zama Abin Dariya A Sabo?



Ranar da na dawo daga Taraba ban ko shiga gida ba, na tsaya a majalisarmu ta bayan sallar isha'i, jakar goyo a baya, takalmi duk jar ƙasa, ina ɗingishi. Wani dattijo da muke kira Baba, abokin cinikin goron mahaifina tun kafin a haife ni, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, me ka saro?" Na ce, "Baba, ban saro komai ba, dutse muka je hawa." Ya ce, "Dutse? Nawa aka biya ku?" Na ce, "Ai mu muka biya." Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce in dai hawan dutse nake so, ga Mokola nan kusa, kyauta. Baba ya girgiza kai ya ce Allah Ya shirye mu.

Ban ji haushi ba, domin da wani ne ya zo da wannan labari shekara biyar da ta wuce, da ni ma na taya su dariya. Amma tun daga daren nan maganar take cina, shi ya sa na ce bari in kawo ta wannan shafi namu. Ra'ayina shi ne ya kamata ƙungiyarmu ta riƙa shirya wa matasa tafiyar ƙafa zuwa tsaunuka da dazuzzukan ƙasar nan, ko da sau ɗaya ne a shekara, kuma iyaye su daina kallon abin a matsayin yawon banza ko kwaikwayon Turawa. Ga dalilaina.

Mu fara da tambayar kanmu, su wa suka haife mu? An kafa unguwar Sabo a Ibadan a shekarar 1916, kuma goro da shanu ne suka kafa ta. Kafin nan kakannin kakanninmu fatake ne, suna tashi daga Kano da jakuna su nufi Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su ga kasuwar Salaga. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai nuna hanya, yana da zangon da zai kwana. Ko bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, an ci gaba da koro shanu a ƙafa daga Arewa har zuwa nan. Mutanen nan sun san inda ake tsallaka kogi, sun san kurmin da tsando yake kashe dabba, sun san sawun zaki da na kura, sun san ganyen da ake dafa wa mai zazzaɓi. Duk abin da za su rayu da shi yana kansu ko a bayan jaki.

Yau fa? Yaron da aka haifa a Sabo ya san Mokola da Dugbe da Bodija da Ojoo. In za shi Arewa, daddare zai shiga mota, ya yi barci, gari ya waye ya gan shi a gefen Kaduna. Ka tambaye shi mece ce madobiya, ko yaya gwanki yake, sai ya zaro waya. Dabbar dajin da ya taɓa gani ita ce ta cikin keji a gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, inda iyayenmu suke zuwa kallon ƙaton birin nan Haruna a ranakun sallah. Mun gaji kasuwa daga fatake, amma mun jefar da sanin ƙasa da suka gina kasuwar a kansa.

Na san amsar da Baba zai ba ni: fatake riba suka je nema, kai me ka je nema? Gaskiya ne. To bari in faɗi inda muka je, da abin da na dawo da shi, ku yi mini lissafin ribar.

Mu huɗu ne, a hutun ƙarshen shekara, lokacin rani, domin da damina koguna suna cika hanya ba ta biyuwa. Kwana biyu muka yi a mota, ta Lakwaja da Makurɗi da Wukari da Bali, har Serti, hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka a Jihar Taraba. Nan ne mashigar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991. Shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, babu inda ya fi shi tudu a duk faɗin ƙasar nan. Muka yi rajista a wurin ma'aikatan gandun, aka haɗa mu da mai gadin daji da zai yi mana jagaba, muka ɗauki 'yan dako biyu daga mutanen wurin. Guzurinmu na gida ne: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shayi da sukari, sai tanti da bargo da cocila.

A kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan wata ganuwa ta Jamusawa a kan tudu. Nan na fara jin kunyar kaina, domin ban taɓa sanin cewa yankin nan a da yana cikin Kamarun Jamus ba, ya koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Farko, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairun 1961 sannan ya zama Najeriya. Na yi karatun tarihi a sakandare, amma a kan wannan tudun na gane shi. A kogin Kam muka ga dorina, kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa, jagabanmu ya ce kowa ya tsaya nesa da gaɓa, ba a wasa da ita.

Daga nan muka shiga kurmin Kwano. Duk wanda bai taɓa shiga irin wannan kurmi ba, da wuya in iya kwatanta masa. Rana tana tsaka amma ƙasa a inuwa take, itatuwa sun haɗa kai a sama, ganye ya ruɓe a ƙasa yana wani ƙamshi kamar na sabon ruwan sama. Muka ga garken gwaggon biri suna tsallaka hanya ba tare da sun damu da mu ba. Muka ga wani baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa da doguwar jela, yana tsalle daga reshe zuwa reshe kamar an jefa shi. Muka ga sawun ɓauna a bakin rafi, ɗanye. Tsuntsaye kuwa, an ƙidaya iri fiye da 500 a wannan gandu.

Da asuba, muna alwala da ruwan rafi mai sanyi kamar ƙanƙara, sai muka ji kiɗa daga can cikin kurmi, dum dum dum, sai ihu ya biyo baya. Ɗaya daga cikinmu ya ce ko akwai ƙauye a kusa? 'Yan dako suka yi dariya, suka ce biri mai ganga ne. Haka mutanen wurin suke kiran birin nan da ya fi kowace dabba kama da mutum, domin yana dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa don ya sanar da 'yan uwansa inda yake. Muka bi sautin har hantsi. Muka tarar da shimfiɗun da suka kwana a kai, rassa ne aka lanƙwasa aka saƙa a saman itace, don kullum dare sabuwa suke yi. Su kansu ba mu gan su ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana biyu muka yi a kurmin nan, ganga kawai muka ji. Amma na fi jin daɗin wannan gangar a kan duk birin da na taɓa gani a keji.

Sai hawa. A nan ne jiki ya gaya mana gaskiya. Mu da muke hawa okada daga Sabo zuwa Dugbe, sai ga mu da kaya a baya muna rarrafe a gangaren da 'yan dako suke hawa da silifa suna hira. Ƙafata ta yi bororo tun rana ta farko. Amma da muka fita daga kurmi muka hau tudun Chappal Hendu, sai duniya ta buɗe: ciyawa iya ganinka, tsaunuka a jere har Kamaru, hazo yana tafiya a ƙasanmu. Da dare sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba ko a hunturun Zariya. Akwai rugagen Fulani a saman, a wuraren da aka keɓe musu cikin gandun. Wata dattijuwa ta kawo mana kindirmo a ƙwarya, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce baƙo ne mu. Chappal Waddi ba mu kai gare shi ba, yana buƙatar ƙarin kwanaki da ƙafa mafi ƙwari. Da muka sauko muka hau mota ta Mayo Selbe, muka bi hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji muka hau Mambila, muka ga gonakin shayi na Kakara da jajayen shanu a kan tuddai, muka kwana a Gembu.

Yanzu ga ribar.

Ta farko, na ga inda ruwa yake fitowa. Kurmin da ke wuyan tsaunukan nan kamar soso yake: yana shanye ruwan damina, yana sakinsa kaɗan kaɗan duk tsawon rani. Rafin da muka yi alwala a cikinsa yana gangarawa ya shiga kogin Taraba, Taraba ya shiga Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ruwan da muke tsallakawa a gadar Makurɗi muna barci, wani ɓangarensa daga nan ya taso. In aka sare kurmin, ruwan zai zo gaba ɗaya da damina ya yi ɓarna, da rani kuma a neme shi a rasa. Mu mutanen Ibadan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Manyanmu sun ga ambaliyar Ogunpa ta watan Agustan 1980, mu kuma mun ga ta Agustan 2011. Gini a kan hanyar ruwa da shara a magudanai suna da nasu laifin, tuddan da aka aske suna da nasu.

Ta biyu, na ga kututture. A wajen gandun, a hanyar Bali zuwa Serti, akwai wuraren da za ka ga an yi wa madobiya kisan kare dangi. Itacen da masu katako a can suke kira madrid ke nan, wanda aka yi shekaru ana lodawa a tirela ana kaiwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan sai ƙasar Sin, a yi kujeru da gadaje masu tsada. Abin ya yi yawa a Afirka ta Yamma har a 2017 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙuntata cinikinsu. Me ya shafe mu? Ku tambayi duk wani makiyayi: ganyen madobiya yana cikin abin da ake sassabo wa shanu a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Itacen da aka sare a Taraba, saniyar da za ta zo kasuwar Akinyele ce aka rage wa abinci. Mai gida da dillali da mahauci da mai suya a Sabo, duk a gindin wannan itace muke, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ta uku ita ce mai ɗaci, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Jagabanmu ya nuna mana tarkon waya da ya cire a hanya, ya ce irinsa ba ya zaɓe, duk abin da ya sa ƙafa ya tafi. Mafarauci ba ya ɗana tarko don nishaɗi, yana yi ne saboda akwai mai saye a birni. Mu faɗa wa juna gaskiya: a wasu kasuwannin Ibadan ana shimfiɗa fatar damisa da kan biri da ɓawon ɗankunya a fili, kuma akwai namu a cikin masu kawowa da masu saye. Ɗankunya, dabbar nan da ke dunƙulewa in an taɓa ta, an haramta cinikinta tsakanin ƙasashe tun 2017, amma Najeriya ta yi ƙaurin suna a matsayin hanyar da ɓawonta yake bi zuwa Asiya. Duk ranar da aka kama kaya aka ambaci sunan Bahaushe, dukanmu ake kallo. Ba na jin wa'azi zai hana matashi wannan ciniki kamar yadda kwana ɗaya a kurmi zai hana shi. Gani ya kori ji.

To, ina sane da abubuwan da ke zukatan iyaye, kuma ba na raina su.

Na farko tsaro. Daji a Najeriyar yau ba wurin wasa ba ne, kowa ya san abin da dazuzzukan Zamfara da na Kainji suka zama. Ba na cewa yaro ya saɓa jaka ya faɗa kowane daji. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tuntuɓi hukumar gandun tun kafin a tashi, a tambayi 'yan uwanmu 'yan kasuwa da direbobi da ke Serti da Gembu halin da hanya take ciki, a yi tafiyar mota da rana, kada a shiga daji sai da jagaba na hukuma, in an ce kada a je a haƙura. Fatake ma ba su rasa 'yan fashi a zamaninsu ba. Abin da suka yi shi ne tafiya a ayari, ƙarƙashin madugun da ya san hanya. Kuma akwai wani abu da ya kamata mu yi tunani a kai: dajin da mutanen kirki suka daina zuwa, miyagu ne suke gajensa. Baƙon da ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan dako, ya sayi kaza a ƙauye, yana ba mutanen wurin dalilin su tsare dajin.

Na biyu kuɗi. Ba zan ce tafiyar Taraba araha ce ba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum tunani. Amma mu dubi abin da matashi ɗaya yake kashewa a ɗinkin sallah da ankon biki da canjin waya a shekara. Adashin wata goma zai kai mutum goma Gashaka ya dawo da su. Kuma ba dole a fara da nesa ba. Ga dutsen Ado-Awaye nan a Jihar Oyo, wajen Iseyin, mai tafki a samansa, a je a dawo rana ɗaya. Ga tsaunukan Idanre a Jihar Ondo, masu matakala sama da 600. Ga ruwan Erin-Ijesha a Jihar Osun, mai gangarowa hawa bakwai. Mun zauna a ƙasar Yarbawa fiye da shekara ɗari, 'ya'yanmu suna jin Yarbanci kamar Hausa, amma nawa ne cikinmu suka taɓa taka waɗannan wurare? Zuwa ƙauyukan maƙwabtanmu a matsayin baƙi masu gaisuwa, ba masu ciniki kawai ba, shi ma wani ginin zaman lafiya ne, kuma mun san muna buƙatarsa.

Na uku addini. Wani ya ce mini wannan aikin waɗanda ba su da sallah ne. Ni dai ban sha sallah ko ɗaya ba a tafiyar nan. Mun yi ƙasaru kamar yadda aka koya mana a makarantar allo da zaure, mun yi jam'i a kan ciyawa. Malamanmu na nan, su suka fi ni sani, amma kowa ya ji su a tafsirin azumi suna bayanin yadda Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su yi tunani a kan halitta. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina ba irin daren da na fito daga tanti a Chappal Hendu na ga taurari babu fitila ko ɗaya tsakanina da su.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiya. A kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, a sa dattijo ɗaya da malami ɗaya a ciki. A fara da fita ta yini ɗaya zuwa Ado-Awaye bayan damina, a ga yadda za ta kasance. A buɗe adashi ga masu son tafiya mai nisa da rani. A sa doka tun daga gida: ba farauta, ba sayen naman daji ko fata, ba sare itace, duk ledar da ka shiga da ita ka fito da ita, ba ɗaukar hoton mutanen ƙauye sai da izininsu. A shirya wa 'yan uwanmu mata tasu fitar a wurare na kusa, da rakiyar da iyaye za su aminta da ita, don su ma ƙasarsu ce. Duk wanda ya dawo kuma ya rubuta abin da ya gani a wannan shafi, da Hausa, da sunayen itatuwa da dabbobi kamar yadda ya ji su, kafin sunayen su ɓace tare da tsofaffinmu.

Kwana uku bayan dawowata na kai wa Baba ƙunshin shayin Mambila. Ya karɓa ya juya shi, ya tambaye ni ko da gaske a Najeriya ake noma shi. Sai ya ce in zauna. Ya fara ba ni labarin mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana koro shanu a ƙafa daga Arewa zuwa Ibadan, yana lissafa mini zanguna da koguna ɗaya bayan ɗaya, da daren da kura ta shigo musu garke. Shekara talatin ina gaishe shi bai taɓa ba ni wannan labari ba. Da zan tashi ya ce, "Har yanzu ban ga ribar ba. Amma in za ku sake zuwa, ku tafi da jikana, ya rage kwanciya da waya."

Masu ra'ayi irin nawa da masu saɓani, ƙofa a buɗe take, a faɗa cikin mutunci. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ƙara haɗa kan mutanen Sabo. Amin.